Hawan Tsani da Siminti

Shekarar da ake kafa ginshiƙan gadar kogin Wouri ce, lokacin da duk motar da za ta Bonaberi sai ta jira bak, wato jirgin fito, ya ƙetarar da ita. A shekarar nan motar da nake tuƙawa ta faɗa kwari, kuma ni na kai ta bakin kwarin da hannuna, ina sane, don a wuce da wani mutum zuwa asibiti. Ina rubuta yadda abin ya faru ne saboda samarin da ke zama a bakin gareji a nan unguwar New Bell ta Douala, waɗanda suka karɓo permi, wato lasin tuƙi, jiya, yau suna cewa tuƙi ba kome ba ne illa riƙe sitiyari da taka totur. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya na koyi rubutu, don haka zan tafi a hankali, yadda ake hawa da lodi.

Aikin da aka fara ba ni a wannan sana'a shi ne ɗaukar weji. Weji guntun katako ne mai tsini a gefe ɗaya, da mariƙi, ana cusa shi bayan taya don kada mota ta gangara. Wanda ya koya mini shi ne Hamadu, wani Bafulatanin Garwa da ya girme ni sosai, muna ce masa Baffa. Shi yake sassaƙa wejinsa da kansa. Ba ya taɓa katakon da ake tsinta a bakin jirgi, ya ce ruwan gishiri ya cinye shi, ranar da ake bukatarsa ranar zai tsage. Sai ya je wurin masu yankan katako ya zaɓi jan icen nan mai nauyi, ya buga masa ƙusoshi a ƙasa don ya ciji hanya. Abin da ya fi nanata mini shi ne kunne. Ya ce in saurari inji, kada in saurari shofer, wato direba. Da zarar na ji kukan inji ya fara shaƙewa a hawa, in dira da weji a hannu. Idan na jira aka kira ni, na makara.

Na yi shekaru a bayan mota, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni, kafin Alhaji Mamman, wani mai fataucin goro a unguwarmu, ya ɗora ni kan sitiyarin ɗaya daga cikin motocinsa. Baffa Hamadu kuwa ya ƙi koyon tuƙi ƙememe. Duk wanda ya yi masa maganar sai ya ce, "In kowa ya zama shofer, wa zai riƙe ku?" Da aka ba ni mota sai ya dawo bayana da wejinsa, yana ce mini shofer a gaban mutane, in mun keɓe kuma ya ce Sale, ka ci giya kamar mai tauna tsakuwa.

Motar tsohuwar ta soja ce, cikin waɗanda aka sayar bayan yaƙi, wani kafinta a unguwa ya yi mata bodin katako. Birkin ƙafa sai an yi ta bugawa yake kamawa. Na hannu kuwa ado ne kawai. Kayan aikinmu ba su da yawa: weji biyu, da jak, da sarƙa, da guduma, da adda, da garwar ruwa, da tampol, da ƙarfen da ake murzawa a hancin mota a tayar da ita. Da waɗannan muka yi ta ɗaukar goro da manja da busasshen kifi. Masu kaya iri-iri ne. Akwai matan kifi da ke zaune kan kwandunansu suna ba ni umarni tun daga Douala har Loum. Akwai ɗan kasuwar da zai rantse maka buhunsa ba nauyi, sai mutum uku sun taru kafin su ɗaga shi.

Daga nan wani kamfanin Nasara ya fara gina madatsar ruwa can bisa dutse, bayan Nkongsamba, don a tara ruwan da za a ba gonakin kofi da rani. Motocinsu ba su ishe su ba, sai suka ɗauki namu haya mu riƙa kai siminti daga bakin jirgi. Hanyar da ke hawa zuwa wurin ginin, direbobi suka sa mata suna Tsani. An sare ta ne a jikin dutse, faɗinta na mota ɗaya ne cif. Hannun hagu bango, hannun dama kwari, in ka leƙa sai ka hango kan itatuwa kamar ciyawa. Jar laka ce, da rani tauri kamar tukunya, in ta sha ruwa kuma sabulu. Kwana tana bin kwana. Kuma can sama iska ba ta da kauri irin ta bakin teku, inji ba ya ƙoshi da ita. Lodin da mota za ta ja tana wasa a hanyar Mbanga, a Tsani sai ta riƙa nishi, lagireto yana tafasa. Mu mutanen Douala mun sha wuya kafin mu gane haka, har da sanyi, domin hawan farko da 'yar shara na je.

Tunda mota biyu ba sa iya gittawa, sai aka yi wa hanyar doka. Akwai shinge a ƙasa, akwai shinge a sama, kowanne da mai gadi. Akwai kuma guntun ƙarfen sifirin guda ɗaya tak, an shafa masa jan fenti. Wanda ƙarfen yake hannunsa, hanya tasa ce. Mai gadin ƙasa zai miƙa maka, ka hau da shi, ka miƙa wa na sama, shi kuma ya ba wanda zai sauko. In ka iso ƙarfe yana sama, sai ka kashe mota ka shimfiɗa tabarma, ko da za ka kwana. Ba a taɓa shiga Tsani ba ƙarfe. Nasaran kamfanin kansa yana jira.

Ranar da nake ba da labarinta, na karɓi ƙarfe da hantsi, da siminti cike da mota. Rani bai gama fita ba, amma hadari ya haɗu a kan dutsen. Mai gadi, wani tsohon soja, ya dubi sama ya dube ni.

"Ka hau ko ka jira?"

"In na jira, ruwan a nan zai same ni. Gara ya same ni a sama, akwai rumfa."

Mun ci fiye da rabin hanya ruwa ya sauko. Na sa giya ta ɗaya, na bar ta a nan. Baffa ya sauka yana tafiya a gefen tayar baya da weji a kafaɗa, domin motar ba ta fi mai tafiya da ƙafa sauri ba. Muna cikin haka na ji ham daga sama, ana dannawa ba ɗagawa. Na ce a raina kunnena ne, ai ƙarfe yana kan kujera kusa da ni. Sai ga hancin mota ya ɓullo daga kwana, tana zamewa, ta tsaya tazarar da ba ta fi in miƙa sanda in taɓa ta ba. Kafin in gama buga birki na ji weji ya shiga.

Direban Bukar ne, wani Babarbare maƙwabcinmu a New Bell, wanda ya kai lodi tun jiya. Baffa ne ya fara yi masa magana, da yake tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa.

"Kai bawana, hauka kake? Ina ƙarfenka? Ko Barebari sun fara tuƙi da ido rufe?"

Bukar bai rama ba. Wannan ne ya sa na san ba lafiya. Ya kama hannuna ya kai ni bayan motarsa. Wani magini ne kwance a kan buhunan wofi, Kamga sunansa, ɗan ƙabilar Bamilike, mun saba gaisawa da shi in mun kai kaya. Dutse ya gangaro masa a ƙafa wurin ginin. An ɗaure cinyar da igiya, amma jini yana bin katakon bodi yana ɗiga. Leɓensa ya yi fari. Abokan aikinsa biyu suna riƙe da tampol a kansa.

"Sale, na san hanya taka ce," in ji Bukar. "Mai gadi ya hana ni, na ɗage shingen da hannuna. In na jira ka iso, gawa zan sauko da ita."

Muka tsaya cikin ruwa muka auna abin. A ɗauke shi a kafaɗa zuwa ƙasa, tafiyar yini ce, kuma babu wata mota a shingen ƙasa. Bukar ya gwada komawa da baya zuwa sama, tayoyinsa suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna watsa laka, mota ba lodi ba ta da abin da zai danne ta. Wuri ɗaya ne kaɗai mai ɗan faɗi a wannan yanki, inda aka taɓa haƙar tsakuwa a gefen kwari, kuma yana bayana, na wuce shi da ɗan nisa. Ke nan ni zan koma da baya, da lodi, a kan laka.

Na dubi Baffa, domin rai nasa ne zai fi shiga haɗari.

"Me kake kallona?" ya ce. "Shiga mota, shofer. Kai kuma bawana, zo ka riƙe wejin nan na biyu, yau ka koyi aikin iyayengijinka."

Ku samari, ga yadda ake saukar da mota mai lodi da baya in ba a yarda da birki ba. Taya tana zaune kan weji na farko. Sai a ajiye na biyu a bayansa, tazarar kamu ɗaya ko biyu. Direba ya ɗan ja gaba kaɗan don nauyi ya tashi daga kan na farko, a zare shi, sannan ya saki mota a hankali ta zauna kan na biyu. Sai a sake. Ba a ganin kome daga kujera, madubi duk laka ne. Na buɗe ƙofa na leƙa da rabin jiki, amma gefen kwari yana ɗaya hannun, don haka idona shi ne bakin Baffa. In ya ce "Ja!" in ja. In ya ce "Sake!" in sake. In ya ce "Bango!" in karya sitiyari wajen dutse.

Haka muka yi ta yi. Ruwa yana shiga mini ta wuya yana fita ta ƙafar wando. Kowane ja da na yi, kuloci ne yake ɗaukar nauyin simintin nan duka a kan hawa, ba a jima ba na fara jin ƙaurinsa. Ga shi kuma weji ya fara zamewa, ƙusoshin suna jan layi a cikin laka maimakon su ciza. Baffa ya zo bakin ƙofa.

"Ba za ta kai ba a haka."

"Na ji ƙaurin."

"To?"

"A sauke rabi. A bar na kan tayar baya."

Babu inda za a jibge shi, hanya ce kawai da kwari. Abokan Kamga da Bukar suka hau suna turo buhuna. Wasu muka jefa kwari. Wasu kuma Baffa ya sa adda ya farke su, ya ce a barbaɗa garin a kan sawun taya. Busasshen siminti yana shanye ruwan saman laka, na ɗan lokaci taya da weji su sami abin kamawa. Ban taɓa ganin an yi haka ba, shi ma ya ce bai taɓa yi ba, amma ya ci. Muka riƙa shimfiɗa wa kanmu hanya da kayan kamfani, hannuwanmu suna ƙuna. Bukar yana komawa lokaci-lokaci ya sauko da tasa motar a bayan aikinmu, ya leƙa Kamga, ya dawo da gudu.

"Yana numfashi?" nakan tambaya.

"Yana yi. Yana kiran sunan matarsa."

"To a sa weji."

Muna hango wurin mai faɗi kuloci ya mutu. Na ɗaga ƙafa, inji yana ihu, mota ba ta motsa ba. Yanzu ba halin ja gaba, ke nan ba halin zare weji da hannu. Baffa ya ce a kawo guduma. Dabara ta zama a ajiye na biyu, ni in danne birki iya ƙarfina, shi ya doke na farko ta gefe har ya fita, mota ta faɗo kan na biyu. Kowace faɗowa sai bodi ya yi ƙara kamar zai rabu. A ɗaya daga cikinsu weji na biyu ya karkace, Baffa ya kai hannu ya gyara shi daidai lokacin da taya ta iso. Ban gani ba. Na dai ji muryar Bukar yana salati. Na ɗaga murya na ce me ya faru, sai na ji Baffa, muryarsa ta canza amma a tsaye take.

"Kada ka ɗaga ƙafarka! Ka ɗaga, na tsine maka!"

Ban ɗaga ba. Bukar ya sa jak ya ɗan ɗaga taya suka zaro hannun. Ya yage rawaninsa ya naɗe masa. Na zaci shi ke nan, sai a nemi wata dabara, amma Baffa ya zauna a gindin bango da hannu a ƙirji, ya ce Bukar ya ɗauki guduma, shi zai riƙa kira daga nan.

"Babarbare da guduma," ya ce. "Allah ya sa kada ka doki ƙafarka."

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji Bukar, yana kuka yana duka.

Da haka muka shigar da ita wurin mai faɗi. Na karya sitiyari, gindinta ya nufi kwari, ta tsaya. Bukar ya kawo motarsa ya gwada. Bodinsa ya taɓa hancin tawa, ɗaya gefen kuma yana gugar dutse. Abin da ya rage bai fi tafin hannu biyu ba. Muka fasa masa katakon gefe da guduma, bai isa ba. Na sauka na je na duba bayan motata. Tayar baya ta dama tana daf da baki, ƙasar wurin kuma cikon tsakuwa ce, ruwa ya riga ya fara cin ta. In na ƙara ja da baya, tayar za ta fita sarari, motar ta zauna kan cikinta. Na san kuma in ta zauna haka, ba kuloci, a kan cikon da ke zaizayewa, ba lalle ta sake tashi ba.

Bukar ya ce, "Sale, motar Alhaji ce."

"Na sani. Cire wejin."

Na ɗaura sarƙa daga hancinta zuwa wani kututture, na ba ta ɗan sako-sako. Na shiga, na bar ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a kan birki, ɗaya a waje. Bukar ya doke weji. Na saki birki kaɗan kaɗan har na ji gefen dama ya nutse, ƙarfen ƙasa ya daki baki, sarƙa ta miƙe. Na dira. Hancin ya kauce. Bukar ya wuce yana gugar fentina, muka ɗora Baffa kusa da Kamga, na miƙa wa Bukar jan ƙarfen ta taga don hanya ta zama tasa har ƙasa. Suka gangara.

Ni na zauna gadin mota. Na kwashe jak da garwa da tampol na kai gindin bango. Na yi ta jido duwatsu ina cusawa a ƙarƙashinta, ruwa yana kwashewa. Wajen la'asar cikon ya tafi gaba ɗaya, kututturen ya tumɓuke da saiwarsa, motar ta juya a hankali ta bi kwari. Na daɗe ina jin ƙararta tana karya itatuwa. Da ta yi shiru na naɗe tampol na ɗora a kai, na kama hanyar ƙasa.

Da na koma New Bell na sami Alhaji Mamman a zaurensa ana yayyafa wa goro ruwa. Labari ya riga ni isowa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ƙarfen yana hannun wa?" ya ce.

"Hannuna, Alhaji."

"Ashe hanya taka ce."

"Tawa ce."

"Ka kuma bayar."

"Na bayar, Alhaji."

Ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi ya mayar cikin huhu.

"Mutumin fa?"

"An yanke ƙafar, amma yana cin abinci."

"Hamadu?"

"Yana zagin masu jinya da Fulatanci."

Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ce, "Ba zan ce ka yi laifi ba, Sale, ina jin tsoron Allah. Amma mota ɗaya ta rage mini, kuma tana da direba."

Na ce na gode. Da aka sallami Baffa daga asibiti na je gidansa na karɓi aron kayan sassaƙarsa, ya zauna yana nuna mini da hannun hagu, na yi weji biyu sababbi. Na koma bayan motar wani yaro da ni na koya masa cin giya, ina dira ina cusa masa weji a kan Tsanin nan dai, har aka gama ginin aka tara ruwa. Sai bayan damina biyu na sake samun sitiyari. Kamfanin kuwa ya kai ƙarar Bukar saboda ɗage shinge, aka karɓe masa permi, ya koma sayar da taya a kasuwa.

Ga abin da ya tafi a ranar: mota ɗaya da sarƙarta, siminti lodi guda, weji biyu, permin Bukar, kujerata, yatsu uku na hannun daman Baffa Hamadu, da ƙafar Kamga ta hagu daga gwiwa. Mu shida muka haɗu a kan hanyar, mu shida muka sauko.